Muhawara: tabarma, soso ko audugar rimi, wace shimfiɗa ce ta dace da mai ciwon kwankwaso?

Baban Nafisa: Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Shawara nake nema wajen waɗanda suka sani. Ni tela ne, a Kasuwar Dole nake ɗinki, kuma kwankwasona ya daɗe yana damuna. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da rana ina kan keke ciwon da sauƙi, amma da asuba in zan tashi sai na dafa bango. Ruku'un raka'ar farko da ƙyar nake yin sa. In na dawo daga masallaci na ɗan taka, sai ya sake ni. Katifar da muke kwana a kai tun ta auren uwargida ce, tsakiyarta ya lotsa kamar ƙwarya, duk gefen da ka kwanta can za ka gangaro. Na yi ɗan tanadi ina so in canza. Wasu sun ce in sayi mai taurin nan da ake cewa ta masu ciwon baya ce, wasu sun ce in bar katifa kwata-kwata in koma tabarma. Ba na son kuɗin da na sha wuya kafin in tara su tafi a abin da zai ƙara mini ciwo. Ku taimaka.

Malam na Birni: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ɗana. Riƙe kuɗinka ka sayi hatsi. Shimfiɗa tabarma a ƙasa, ka ɗora bargo ɗaya, ka kwanta a gefenka na dama yadda sunna ta koyar. Iyayenmu a kan gadon kara da tabarmar kaba suka tsufa, suna noma suna ɗaukar dami, ba mu ji su suna wannan kukan na baya da ya cika gari yanzu ba. Nana A'isha ta ruwaito cewa shimfiɗar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta fata ce da aka cusa wa zaren dabino. Soson nan shi ya lalata jikin mutane.

Direban Agadas: Ina bayan Malam. Mu da muke bin hanyar Tanut da babbar mota, in dare ya yi a ƙarƙashin mota muke shimfiɗa tabarma bisa rairayi. Wallahi nakan tashi garau. Sai na dawo gida na hau katifa kwana biyu bayan ya riƙe.

Hajiya Inna ta Zengo: Allah gafarta Malam, da girmanku nake magana, amma iyayen nan namu sun yi ciwon baya, faɗa ne ba su yi ba. Ni na ga kakata tana tafiya a duƙe, hannu ɗaya a ƙugu, in an tambaye ta sai ta ce tsufa ne. Da dare mu ake sa wa mu taka mata baya. Kuma ba kowa ke kwana a ƙasa tsurarta ba. Duk amaryar da iyayenta ke da hali, katifar audugar rimi ake cusa mata. Ko shimfiɗar da kuka ambata ai cusasshiya ce, akwai abin da ke tare ƙashi daga ƙasa.

Malam na Birni: Hajiya, cusasshiya ce, amma mutum ba ya nutsewa a cikinta. Nutsewar nan nake ƙi.

Maman Yasmin: Salamu alaikum. Ni aikina gashi da motsa jikin marasa lafiya ne, wato kine, kuma masu ciwon baya su ne mafi yawan waɗanda nake gani. Malam, a kan nutsewa kuna da gaskiya, kuma nan ne amsar Direba take. Rairayi ba siminti ba ne. In mutum ya kwanta a kansa, kafaɗa da ƙugu suna ɗan shiga, sauran jiki ya samu abin da ya tallafe shi. Katifarsa ta gida kuwa ina kyautata zaton ta mutu, shi ya sa rairayi ya fi ta. Wannan bai nuna cewa duk abin da ya fi tauri ya fi kyau ba.

Gadon bayan mutum ba miƙaƙƙe ba ne. A ƙasan baya akwai ƙasusuwa 5 da suka ɗan lanƙwasa zuwa ciki, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi. In ka kwanta a gefe bisa abu mai tauri ƙwarai, kafaɗa da ƙashin ƙugu kaɗai ke taɓa ƙasa, tsakaninsu yana rataye, naman baya ya kwana yana aiki. In kuma katifa ta yi laushi ko ta lotsa, ƙugu, da yake nan nauyi ya fi taruwa, sai ya nutse, bayan ya kwana a karkace. Duka biyun da ciwo ake wayar gari.

An gwada wannan. A shekarar 2003 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da Dakta Francisco Kovacs da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Sifen. Mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya aka raba biyu, aka ba wasu katifa mai tauri, wasu mai matsakaicin tauri, ba tare da an gaya musu wadda aka ba su ba. Bayan kwana 90, masu matsakaiciyar sun fi samun sauƙin ciwo a kwance, kuma sun fi iya hidimominsu na yini. Don haka abin da nake gaya wa mutane ke nan: matsakaiciya mai ɗan ƙarfi, wadda ke tare ƙugu amma take barin kafaɗa ta ɗan shiga.

Ɗan Jami'a: Anti, ina da tambaya. Waɗancan Turawa ne da suka tashi a kan gado tun suna jarirai. Mu da yawanmu a tabarma muka girma. Anya sakamakonsu zai hau kanmu?

Maman Yasmin: Tambaya mai kyau, ƙanena. Sabo yana da tasiri sosai. Wanda ya saba da tabarma, yake tashi lafiya, ba ni da dalilin ce masa ya sayi katifa. Malam ya ci gaba da tabarmarsa, Allah ya ƙara masa lafiya. Kuma katifun da aka gwada a can masu waya ne a ciki, ba irin soson da muka fi saya nan ba. Amma Baban Nafisa ya yi shekaru a kan soso, kuma bayansa na ciwo yanzu. In aka sauke shi kan siminti dare ɗaya, abin da na saba gani shi ne ciwon kafaɗa da na ƙugu su ƙaru a kan na baya. Ga hunturu, in Disamba ta shiga sanyin daɓe kaɗai ya isa ya ɗaure masa nama. Abin da binciken ya rushe shi ne maganar da ake ta yi cewa mai ciwon baya sai katako. Wannan kam ba ta da tushe, a Sifen ko a Garin Malam.

Baban Nafisa, kafin mu yi nisa, amsa mini waɗannan. Taurin na safe yana kai minti nawa? Ciwon yana sauka ƙafa? Yana tashinka tsakar dare? Akwai zazzaɓi ko rama?

Baban Nafisa: Na gode, Madam. Bai kai rabin awa ba, kafin in dawo daga masallaci ya tafi. Ba ya sauka ƙafa. Babu zazzaɓi, abinci ma ina ci sosai. Tsakar dare sai dai in zan juya in ɗan ji shi.

Maman Yasmin: Alhamdu lillahi. Wannan ya yi kama da ciwon da shimfiɗa da zama ke kawowa. Amma duk da haka ka samu lokaci likita ya duba ka da hannu, don ba a gane ciwo ta waya.

Majo mai ritaya: Ku bar ni in sa baki a nan, don wannan tambayar da ƴata ta yi ita ce ta fi katifar muhimmanci. Na yi aiki a ƙananan likitocin karkara ta wajen Mirriya da Magarya, kuma abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne mutanen da ake kawowa a makare. Akwai tarin tibi da ke kama ƙashin baya. Mutum ba lalle ya yi tari ba. Sai ciwon baya da ba ya jin hutu, zufa da dare, ɗan zazzaɓin yamma, rama a hankali. Ƴan uwa su yi ta canza masa shimfiɗa, a kai shi wajen wanzami a yi ƙaho, a yi ta jiƙe-jiƙe, har ƙashin ya rufta, ƙusumbi ya fito, ƙafafu su mutu. Alhali ciwo ne mai magani in an kama shi da wuri.

Saboda haka duk wanda ke karanta wannan, in ciwon bayanka ya zo da zazzaɓi ko rama, ko ƙafa tana mutuwa tana ja, ko ka daina jin tsakanin cinyoyinka, ko fitsari da bayan gida sun fara kuɓuce maka ko fitsarin ya ƙi fita, kada ka je kasuwa, ka je babban asibitin Damagaram. Na fitsarin nan da mutuwar cinya ba a kwana da shi. Haka wanda ya faɗo daga bisa ko daga moto, da mai sikila, da wanda ciwon ke gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari yana jin zafin fitsari, don wannan ƙoda ce ake zargi.

Direban Agadas: Baba Majo, ni nawa yana sauka ƙafar hagu har ɗan yatsa, musamman in na daɗe a sitiyari. Sai in sha tramol in ci gaba.

Majo mai ritaya: Ɗana, don Allah ka bar tramol. Ba ya gyara komai a bayanka, ciwon kawai yake rufewa, sai jiki ya saba ka koma ba ka iya tashi sai da shi. Yana kuma kawo farfaɗiya in an yawaita, ka tuna kai babbar mota kake ja da rayukan mutane a hanya. Saukar ciwo ƙafa alama ce ta jijiya da ake dannewa. Naka ba na katifa ba ne kaɗai, ka je a duba ka. Sauran ƙwayoyin da ake saya a tebur ma, su diklofenak da ibuprofen, in an mayar da su abincin kullum suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, balle a garin da zufa ke zuba ruwa bai isa ba.

Direban Agadas: Na ji, Baba. In na sauke kayan nan zan je, in sha Allahu.

Alhaji mai katifa: Salamu alaikum. An tura mini maganar nan aka ce in shigo tunda sana'ata ce. Zan faɗi gaskiya ko da za ta rage mini ciniki. Mafi yawan masu saye kauri suke kallo da kyan yadi. Mutum ya zo ya ce ba ni mai inci goma sha biyu, ya latsa da yatsa biyu, ya biya. Kauri ba shi ne inganci ba. Abin da ke sa soso ya daɗe shi ne nauyinsa, wato yawan soson da ke cikin kowane awo. Mai sauƙin nauyi iska ce ta fi yawa a ciki, shekara ɗaya biyu ya kwanta, ko da ranar saye ya yi tauri. Ka ɗaga katifa biyu masu girma ɗaya, wadda ta fi nauyi galibi ita ce ta fi ƙarko. Tauri daban, nauyi daban. Akwai soso mai nauyi kuma mai laushi, akwai mara nauyi mai tauri.

Ita kuma mai taurin nan da ake tallata wa masu ciwon baya, da yawa daga cikinsu gutsattsarin soso ne ake haɗawa da gam a matse. Tana da nauyi, tana da ƙarko, amma tauri ne da ita ƙwarai. Mutum mai jiki, kilo 90 ko 100, yana jin daɗinta, don nauyinsa yana lanƙwasa ta. Siriri kuwa bayan mako zai dawo yana ce mini kafaɗarsa. Irin wannan nake ce masa ya ɗora siririn soso mai laushi, mai kaurin santimita 5, a kai. Nan da nan sai ta zama matsakaiciyar da Madam ke faɗi.

Kayanmu yawanci daga Najeriya suke shigowa ta Kano, su Vitafoam da Mouka da wasunsu, kuma kowane kamfani yana da aji-aji, daga mai araha har mai tsada. Kada ka ce don ka ga sunan ka gama. Tambayi ajin, ka dubi tambarin da aka ɗinka a jiki, ka karɓi takardar garanti. Akwai masu kwaikwayon yadin manyan kamfanoni su cusa soso mara kyau.

Ɗan Jami'a: Alhaji, maganar nauyin nan ana iya lissafa ta. Katifa mai tsawon santimita 190, faɗi 140, kauri 20, girmanta ya kama 0.532 na kubik mita. In sosonta mai kilo 30 ne a kowace kubik mita, za ta yi wajen kilo 16. In mai kilo 18 ne, ba za ta kai kilo 10 ba. Ke nan mutum na iya aron sikeli wajen masu awo ya gane abin da ake sayar masa.

Alhaji mai katifa: Lissafinka daidai, yaro, Allah ya yi albarka. Amma ka ƙara da wannan: wasu masu yin soso suna zuba garin alli a cikin haɗin don ya yi nauyi. Sikeli zai ce maka mai kyau ne, shi kuwa bayan ɗan lokaci ya fara marmashewa. Don haka bayan ɗagawa, ka sa gwiwa ka danna da ƙarfi ka ɗauke. Mai kyau nan take yake dawowa. In kana iya ganin soson ta bakin zif, ka murza shi da yatsa, in ka ji yana barin gari a hannu ka bar shi.

Maman Yasmin: Na ji daɗin bayanin Alhaji. Abu ɗaya zan roƙa: ku riƙa barin mutane su kwanta a kai kafin su biya. Latsawa da hannu ba ta faɗin komai. Baban Nafisa, ka cire kunya, a shimfiɗa maka ita a ƙasan shago, ka kwanta yadda ka saba kwana, ka yi minti goma ko sha biyar. In ka kwanta rigingine, zura hannunka ƙarƙashin ƙugu. Hannun ya wuce sululu da fili a sama, ta yi tauri. Ya ƙi shiga sam kuma ka ji ɗuwawu ya nutse, ta yi laushi. Ya shiga da ɗan matsi, to ita ce. Sannan ka juya gefe, wanda ya raka ka ya tsaya ta baya ya duba ko gadon bayanka ya miƙe daga wuya zuwa ƙugu. Ka gwada juyawa ma. Katifar da sai ka yi kokawa kafin ka juya a kanta za ta riƙa tashinka daga barci.

Alhaji mai katifa: A shagona kam bismilla, kowa ya kwanta. Akwai tabarma da nake shimfiɗawa a ƙasa don kada yadi ya yi datti.

Kafinta na Sabon Gari: Duk kun yi magana a kan katifa, ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta. Yallaɓai tela, ɗaga katifar nan yau ka dubi katakon gadon. Sau da yawa in aka kira ni gyara, sai in tarar da sandunan tsakiya sun karye ko gara ta cinye su, ko kuma tun asali guda huɗu aka jera da tazarar taku guda a tsakani. Ka ɗora sabuwar katifa ta kowane kuɗi a kan wannan, wata shida ta bi ramin. Tazarar sanduna kada ta wuce faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Gado mai faɗi kuma dole a sa masa gungume a tsakiya daga kai zuwa ƙafa, da ƙafarsa da ta taɓa ƙasa. Na ƙarfe mai ragar waya in ya saki, a shimfiɗa faffaɗan allon katako a kai, a ɗan huhhuda shi don iska. Gwaji mai sauƙi: sauke katifar ƙasa ka kwana a kai ƴan kwanaki. In ka ji sauƙi, gadon ne mai laifi. In ramin na nan ko a ƙasa, ɗora miƙaƙƙiyar sanda a kanta ka ga zurfinsa, soson ne ya mutu.

Hajiya Inna ta Zengo: Akwai abin da ku maza kuka tsallake. Katifar nan ba ta Baban Nafisa ba ce. Kayan ɗakin matarsa ne, iyayenta suka saya da guminsu. Ɗana, kada ta wayi gari ta ga an shigo da sabuwa an jingine tata a zaure. Ka zauna da ita, ka gaya mata ciwonka, ku je shagon tare, ita ma ta kwanta ta ji. Jikinku ba ɗaya ba ne, kuma ita ce mai ɗaukar ciki da goyo. Ka tambaye ta ma, watakila bayanta ya fi naka ciwo tana shiru. Matan garin nan da ke ɗaga bido mai lita 25 kullum saboda wahalar ruwa, ga daka, ga wanki a duƙe, wace ce bayanta lafiya?

Ga iyaye masu aurar da ƴaƴa kuma. Muna zuba kuɗi a gado mai madubi da ƙyalƙyali don ƴan kallon ɗaki, sai a kan katifa mu nemi mai araha tunda zanin gado zai rufe ta. Ni da na aurar da autata, na rage kwanukan jere na ƙara a katifa, dangi suka yi ta magana, ban kula ba. Yarinya a kanta za ta yi jego.

Baban Nafisa: Inna, maganarku ta shige ni. Zan yi mata magana yau da dare. Kafinta, zan duba katakon kafin in taɓa kuɗin.

Malam na Birni: Na saurara. Maganar Majo ta asibiti na karɓa ɗari bisa ɗari, neman magani ai umarni ne. Amma har yanzu ina cewa jikin da aka saba masa da taushi ragon jiki ne. Ku duba almajirai da manoma.

Maman Yasmin: Allah gafarta Malam, manoma suna cikin waɗanda suka fi zuwa wajena, musamman bayan noman farko. Abin da ke taimakon manomi motsi ne, ba taurin ƙasa ba, kuma a nan muka haɗu da ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma wajen kashi 90 cikin ɗari ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna a ce ga ta. Shi ya sa yawancinsu ba su buƙatar radiyo, wato hoton ƙashi na asibiti. Abin da ya fi yi musu amfani shi ne su ci gaba da motsi. Kwanciya yini guda don baya na ciwo tana ƙara ɗaure shi.

Baban Nafisa, katifa sulusin yininka kawai take ɗauka, sauran yana kan kujerar keke. Ka duba kujerar. In benci ne mara majingina, ka naɗe tawul ka sa a ƙugu ka jingina da bango, ko a yi maka mai baya. Duk rabin awa ka miƙe, ka dafa ƙugu ka ɗan lanƙwasa baya a hankali, ka taka zuwa bakin rumfa. Na san lokacin ɗinkin salla kuna kwana a zaune, to a lokacin ne ma ya fi wajaba.

A kwance kuma, in a gefe kake, sa matashi tsakanin gwiwoyi. In rigingine, sa shi ƙarƙashin gwiwoyi. Rub da ciki ka bar shi, yana ƙara lanƙwasa ƙugu yana murɗe wuya. Da asuba kada ka zabura ka tashi zaune kai tsaye. Juya gefe tukuna, sauke ƙafafu ƙasa, ka tura jikinka sama da hannu. Kuma sabuwar katifa sai ka ba jikinka makonni kaɗan ya saba, kada kwana biyun farko su sa ka yanke hukunci.

Amaryar Karkada: Don Allah ina da tambaya. Yayana da ke waje ya ce zai aiko mini da irin wadda in ka danna hannu sawun ke zama ya dawo a hankali. Ya ce ita ake yayi can. Ta dace da nan?

Alhaji mai katifa: Ƴata, tana da daɗi a ɗaki mai na'urar sanyi. Irin wannan soson zafi ne ke sa shi laushi, kuma yana riƙe zafin jiki. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a garin nan, ga ɗaukewar wuta, za ki nutse a ciki kina zufa. In zai aiko, ya aiko siririya ta ɗorawa a sama, ki yi amfani da ita lokacin sanyi.

Tunda an zo maganar zafi: ku daina barin ledar da katifa ta zo da ita. Mutane na bari wai don kada ta tsufa, sai zufa ta taru, mutum ya kwana yana zamewa yana juyi. A cire, a sa zanin auduga mai kauri. In akwai yaro mai fitsarin kwance, a sa ledar a wajensa kaɗai. Masu fitar da katifa tsakar gida da bazara kuma, a mayar da ita ɗaki kafin rana ta ɗaga, don rana tana cin soso, ya yi ja ya fara karyewa. A riƙa juya ta duk bayan wata biyu ko uku, kai ya koma ƙafa, sama ta koma ƙasa in mai fuska biyu ce. Ta gwanjo kuwa ban ba kowa shawara ba. Ramin wani za ka saya, wani lokaci har da kuɗin cizo.

Mushe na Tudun Jamus: Wanda ba shi da kuɗin soso mai kyau fa? Albashi bai kai ba, kuma tsohuwata ce ke fama. Tana kwana a siririyar katifa a ƙasa, tashi yana yi mata wuya ƙwarai.

Hajiya Inna ta Zengo: Mushe, ka nemi masu cusa katifar auduga, har yanzu akwai su. Ta rimi ko ta gona, a cusa ta dam, a yi mata ɗinkin maɓalli kusa-kusa don kada audugar ta gudu gefe. Ba ta da zafi irin na soso. Aibinta tana dunƙulewa, to duk shekara sai a farke, a shanya, a buge ta da sanda, a ƙara sabuwa a mayar. Da ka sayi soso mai araha da zai mutu kafin damina biyu, gara wannan.

Maman Yasmin: Na yarda da Inna, muddin ana gyara ta kafin ta yi tudu da kwari. Sai dai in tsohuwar tana da asma ko yawan atishawa, ƙurar auduga na iya tayar mata. Amma Mushe, ga tsoho tsayin wurin kwana ya kusa fin katifar muhimmanci. Tashi daga ƙasa yana cin gwiwa da baya, kuma nan ake faɗuwa da dare in za a fita kewaye. A ɗaga mata shimfiɗar yadda in ta zauna a bakin gado tafin ƙafarta zai taka ƙasa sosai, gwiwa daidai da ƙugu ko ƙasa da shi kaɗan. In kuma ciwon ya faro mata farat ɗaya bayan ɗan tuntuɓe ko ɗaga wani abu, a kai ta a duba, don ƙashin tsofaffin mata yana yin sakayau, yana iya tsagewa ba tare da babbar faɗuwa ba.

Kafinta na Sabon Gari: Mushe, wannan ba sai gado mai tsada ba. Ƙaramin gado na mutum ɗaya, santimita 90 a 190, katako zalla ba ado. Ka zaunar da ita a kujera, ka auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarta, ka cire kaurin katifar, abin da ya rage shi ne tsayin ƙafar gadon. Duk kafintan unguwarku zai iya, ka dai tsaya a kansa ya jera sandunan kusa-kusa, ya kuma goge bakin katakon don kada ya yanke ta a ƙwauri.

Mushe na Tudun Jamus: Na gode ƙwarai. Gobe in na taso daga lakwal zan auna ta. Inna, a wane layi masu cusa audugar suke zama yanzu?

Hajiya Inna ta Zengo: Ka shiga kasuwa ka tambayi masu sayar da matasan kai, su suka san su. Ka sayi yadin da kanka, mai kauri, kuma ka tsaya a auna audugar a gabanka.